Mepps Aglia lamba 0: koton ƙarfe na kamun kifin brook trout

Duk wanda ke fatsa a ƙananan ƙoramun duwatsun jihar Pennsylvania ta Amurka ya san brook trout, wani kifin ruwan sanyi, kifi ne mai haɗama amma matsoraci. Inuwarka ta faɗa kan ruwa, shi ke nan, ya shige ƙarƙashin dutse. Shi ya sa nake son Mepps Aglia lamba 0. Ƙarami ne, yana faɗawa ruwa ba fantsama, kuma ɗan farantinsa na fara juyawa da zarar ka soma naɗe zare. A kududdufin da bai fi tsawon tabarma biyu ba, koton da ke jinkirin juyawa sai ya iso ƙafarka kifi bai ma gan shi ba.

Wani injiniya Bafaranshe, André Meulnart, ya ƙirƙiro shi a 1938, yanzu kuma cibiyar kamfanin a Amurka tana Antigo, jihar Wisconsin. Har wutsiyar kurege suke saye a hannun mafarauta don yi wa ƙugiya gashi. Mai gashin nake ɗauka, don kifi ya fi kai masa cafka.

Sama nake jefawa, wajen da ruwa ke gangarowa, in naɗe da ɗan saurin da ya fi na ruwan. In an yi hadari ko ruwa ya gurɓace, mai ruwan zinariya. In garau yake, mai ruwan azurfa. Kifin nan galibi bai wuce tsawon tafin hannu ba. Kada ka sa rai da irin wanda aka kama a kogin Nipigon na Kanada, mai nauyin kilo shida da rabi. Amma dubi jikinsa: jajayen ɗigo cikin shuɗin zobe, baya mai zane kamar sawun tsutsa, gefen fiffiken ciki fari tas.

Ƙugiya mai baki uku nake cirewa in sa mai baki ɗaya, in matse ƙayarta da filaya, tunda sakin kifayen nake yi kuma bakinsu ƙarami ne. Jiƙa hannu kafin ka taɓa kifin. In zafin ruwa ya kai digiri 20 a ma'aunin Celsius, ajiye sandar, wahalar kan kashe shi ko ka sake shi.

Dala kaɗan ne kuɗin koton. Sayi biyu, don saiwoyin bakin rafi ba sa mayar da abin da suka kama. Lasisin kamun kifi na Pennsylvania kuma sai da ƙarin izinin kamun trout.