Sharhi kan ofishin lauyoyi mai amsa kira dare da rana

Da misalin ƙarfe goma na dare labari ya iso mini cewa 'yan sanda sun tsare ƙanena bisa wani zargi da ya samo asali daga rigimar ciniki. Wani abokin aikina ne ya ba ni lambar wani ofishin lauyoyi da ke amsa kira a kowane lokaci, kuma aikin da suka yi mana shi ne nake son bayyanawa ga duk wanda irin wannan ta same shi.

Lauyar da ta ɗauki waya ba ta tsaya jin tarihin rigimar ba. Cewa ta yi: "Malam, ƙarfe nawa aka kama shi, kuma an shigar da lokacin a littafin 'yan sanda?" A lokacin na ga kamar ta bar jaki tana dukan taiki, sai daga baya na fahimci cewa a kan wannan sa'ar komai ya rataya. Sashe na 35 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya tanadi a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in kuwa babu, cikin kwana biyu. Ta kuma yi mini bayanin cewa ba wannan ƙasa kaɗai ke auna tsarewa da agogo ba: a Ingila dokar 1984 ta kayyade sa'o'i 24, ana iya ƙarawa zuwa 36, sannan zuwa 96 da izinin majistare, a Amurka kuwa Kotun Ƙoli ta yanke a 1991 cewa alƙali ya duba dalilin kamen cikin sa'o'i 48.

Washegari da sassafe ta iso ofishin 'yan sanda da takarda a hannu, ta nemi a buɗe littafin, ta kwafe lokacin da aka rubuta, sannan ta zauna da ƙanena kafin a ɗauki bayaninsa. Na ga yadda hannunsa ya daina rawa bayan ta faɗa masa cewa yana da 'yancin yin shiru har sai ya gana da lauya. Wannan natsuwar da ta sa masa ita ce mafi darajar abin da na samu a wurinsu.

Inda suka gaza shi ne ba su gargaɗe ni tun farko ba cewa kai mutum kotu ba ya nufin an tuhume shi. Masu gabatar da ƙara na iya neman umarnin ci gaba da tsarewa, wanda dokar tarayya ta 2015 kan gudanar da shari'ar laifuka ta kayyade da kwana 14 a karon farko, tare da damar sabuntawa. Sai a harabar kotu na fara jin wannan magana, gabana yana faɗuwa. Duk da haka, lauyar ta nemi beli nan take, alƙali ya amince, kuma ƙanena ya kwana a gida a rana ta biyu. Zan sake kiransu idan bukata ta taso, amma tun a wayar farko zan tambaye su shirin da suka yi game da umarnin tsarewa.