Inshorar lafiya ta ma'aikata: abin da katin yake biya da inda yake gazawa

Tsarin inshorar lafiya na ƙasa, wanda aka yi dokarsa a 1999 kuma ya fara aiki a 2005 a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, shi ne abin da ni da iyalina muke dogaro da shi wajen ganin likita, kuma ra'ayina a kansa shi ne cewa ya cancanci a shiga, amma kada wanda ya shiga ya ɗauka ya rabu da kashe kuɗin magani. Katin ma'aikaci yana ɗaukar shi kansa da abokin zamansa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Wannan ƙa'ida ta yi wa gidaje da yawa a Arewa kaɗan, domin mai mata biyu ko uku da yara goma dole ya zaɓi waɗanda zai sa, sauran kuma ya biya musu daban.

Inda tsarin ya fi amfani shi ne ciwon yau da kullum. Mutum yana zaɓar asibiti ɗaya, na gwamnati ko na kuɗi, a buɗe masa fayil a can, kuma duk lokacin da zazzaɓin cizon sauro ko taifot ko gudawa ya kama yaro, zai ga likita a yi gwajin jini ba tare da an nemi kuɗi ba, abin da zai biya kawai shi ne kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani. Awon ciki da haihuwa ma suna ciki. Babban alherin da na gani shi ne mun daina jinkirin kai mara lafiya asibiti, domin da yawan abin da ke kai yara gargara ba komai ba ne illa kwana uku ana jiran kuɗi su samu, ana ɗura musu abin da mai kemis ya bayar.

Matsalar tana farawa ne a tagar ba da magani. A asibitin da muka zaɓa, paracetamol da maganin zazzaɓi ba sa yankewa, amma maganin hawan jini da na ciwon suga, waɗanda ake sha kullum kuma su ne masu cin kuɗi, sau da yawa amsar ita ce babu, sai a rubuta takarda a ce a saya a waje. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kamfanin magunguna na GSK kuma ya sanar da janyewa daga Najeriya a wannan shekarar, wannan takarda ta zama nauyi mai girma a kan mai albashi. Haka kuma idan ciwo ya wuce ƙarfin likitan farko, ba a tura mutum wurin ƙwararre sai an samu lambar amincewa daga kamfanin da ke tsakanin asibiti da hukumar inshora, wato HMO, kuma na ga yadda jiran wannan lamba yake cinye yini guda alhali mara lafiya yana zaune a kan benci.

Adalci shi ne a faɗi dalili. Ana biyan asibiti wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mai rajista duk wata, ko ya zo ko bai zo ba, kuma shekaru da dama wannan kuɗi yana tsaye a naira 750 yayin da farashin komai yake hawa. Asibitin da aka ba wa irin wannan kuɗi zai nemi hanyar tsuke hannu, shi ya sa mai kati kan ji kamar an fi maraba da wanda ya zo da tsabar kuɗi. An ƙara kuɗin daga baya, amma har yanzu ban ga sauyin ya iso tagar magani ba.

A muhawarar da ake yi, wasu na cewa gwamnati ta bar zancen inshora ta mayar da asibitocinta kyauta, wasu kuma na cewa kowa ya zuba nasa kason. Ni ina ganin kyautar da ba a ware mata kuɗi ba tana ƙarewa ne a rubuta wa mutum safar hannu da allura ya sayo. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya, Najeriya ba ta cika ba, kuma fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya a ƙasar daga aljihun mutane yake fita. Dokar 2022 da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, ta kuma wajabta inshora a kan kowa, sai dai manomi da mai tura baro ba su da albashin da za a cire kuɗin inshora daga ciki. Ghana ta ɗora nata tsarin na 2003 a kan wani kaso na harajin kayan masarufi, kuma irin wannan hanya ce nake ganin za ta kai ga talaka, tare da asusun kiwon lafiya a matakin farko da dokar 2014 ta tanada.

Ga wanda zai yi rajista, shawarata ita ce ya fara leƙa ɗakin maganin asibitin, ya tambayi masu kati da ke kan layi ko suna samun maganinsu a ciki, kafin ya rubuta sunan asibitin a fom.