Ɗakin ondol a Incheon: sharhi ga masu zuwa Koriya sayen mota

Duk wanda ke harkar Hyundai da Kia tsakanin kasuwar kayan mota ta Abossey Okai a Accra da tashar jiragen ruwa ta Tema a Ghana, wata rana ƙafarsa za ta kai shi Incheon, inda ake tara tsofaffin motocin da za a fitar waje. In tafiyar ta faɗa a Janairu, to kafin ka fara cinikin mota sai ka fara cinikin wurin kwana, domin sanyin can yana sauka ƙasa da sifiri, ruwa ya daskare a kwata. Masaukin da dillalinmu ya kai mu yana da ɗakuna iri biyu, mai gado da wanda suke kira ondol, wato ɗakin da ake ɗumamawa ta ƙarƙashin daɓe. Na ɗauki na biyun, kuma shi nake ba 'yan Zango shawarar su ɗauka.

Ɗaki ne fayau, ba gado ba kujera. Siririyar katifa da bargo suna naɗe cikin kabad, daɓen kuma an shimfiɗe shi da leda mai ruwan ɗorawa. Takalmi a bakin ƙofa ake barinsa. Kana taka ƙasa za ka ji ɗumi ya kama tafin ƙafarka yana hawa sannu a hankali. Babu hita mai hura maka iska a fuska, babu ƙara, babu warin hayaƙi. Inda na fi jin daɗinsa shi ne da asuba: ka fito daga alwala jiki na kyarma, ka shimfiɗa sallaya, goshinka ya sauka a wuri mai ɗumi, ka zauna lazimi har gari ya waye gwiwa ba ta ƙage ba. Mu da muke ci a ƙasa, mu yi hira a ƙasa, mu yi salla a ƙasa, kamar don mu aka yi shi.

Aikinsa ba wani sihiri ba ne. Tukunyar gas ce ke dafa ruwa, famfo ya tura shi cikin bututun roba da aka nannaɗe a cikin simintin daɓe, ya zagaya ya koma. A da kuwa wuta ce tsirara. Murhun girki yana ƙasa da matakin ɗaki, hayaƙinsa ya bi ta ramuka a ƙarƙashin faffaɗan duwatsu da aka yaɓe da laka aka liƙa musu takarda mai mai, ya fita ta bututun hayaƙi a ɗaya gefen gidan. Da itace guda an dafa shinkafa an kuma ɗumama ɗaki. Gefen da ke kusa da murhu ya fi zafi, nan ake zaunar da dattijo ko baƙo. Wanda kakarsa ta ba shi labarin gadon ƙasa na mai jego a ƙasar Hausa, wanda ake zuba wa garwashi a ƙarƙashi, ya riga ya gane dabarar.

Tsohuwar da ke da masaukin ta ce, ta bakin dillali, tana yarinya da curin gawayin kwal mai huji-huji suke hura nasu, kuma in daɓe ya tsage iskar guba takan shigo ta kashe mutane cikin barci. Wannan annoba tana cikin abin da ya sa ƙasar ta koma ga ruwan zafi a bututu. Rumawa ma sun yi nasu tun kafin haihuwar Annabi Isa: su ɗora daɓen gidan wanka a kan gajerun ginshiƙan bulo, bayi suna iza wuta daga waje. Mai zanen gine-ginen nan na Amurka, Frank Lloyd Wright, ya fara ganin ɗakin Koriya ne a gidan wani attajiri a Tokyo, ya koma ya sa bututu a ƙarƙashin daɓen gidan Jacobs da ya gina a Wisconsin a 1937. Rukunin gidajen Levittown na Amurka da aka fara a 1947 sun yi amfani da bututun jan ƙarfe cikin siminti, daga baya da yawa suka riƙa yoyo. Sai da bututun roba mai jure zafi ya samu, bayan shekarun 1960, abin ya zauna da gindinsa.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ondol ba ya jin gaggawa. In ka kashe ka tafi filin motoci, ka dawo da dare ka kunna, za ka jima cikin rigar sanyi kafin siminti ya ɗauka. In kuma ya ɗauka ya yi yawa, rage shi ba ya hana ka gumi sai can tsakar dare. Maɓallan da ke bango duk da rubutun Koriya suke, don haka ka sa a nuna maka tun ranar farko. Iskar ɗakin tana bushewa har maƙogwaro ya yi kaushi; su kansu 'yan Koriya sukan rataya jiƙaƙƙen tawul. Kada kuma ka ajiye guzuri a ƙasa. Abokin tafiyata ya bar jakarsa a kusurwa, da safe man kaɗensa ya narke ya bi rigunansa, goron da ya yi ta lallaɓawa tun daga unguwar Nima ta Accra ya yamutse. Mai ciwon baya ya roƙi ƙarin katifa.

Da na dawo Sabon Zango ina ba da labari a bakin masallaci, wani dattijonmu da ke gini a Kasoa ya ce, “Kai yaro, nawa za a kashe a sa mini irinsa a ɗakin Hajiya?” Na ce, “Baba Alhaji, a garin da ake kwana da fanka har cikin Disamba?” Hunturunmu ƙura ce ta fi yawa, bargo ɗaya ya kashe maganarsa. Ya ce ya ji ana iya tura ruwan sanyi cikin bututun a sanyaya ɗaki. Gaskiya ne ana yi a wasu ƙasashe, amma da laimar iskar teku irin ta Accra daɓen zai riƙa zufa, tayil ya yi santsi, Hajiya ta zame. Na ce ya faɗaɗa tagogi su kalli juna, ya ɗaga silin, ragowar kuɗin ya sa sola.