Darasin tarihi na dare a Agege: makonni uku kan juyin juya halin Faransa

A wata makarantar manya da ke Agege, ba nisa da layin dogo, akwai malamin da ke koyar da tarihi da Hausa duk daren Asabar da Lahadi bayan sallar isha'i, kuma a watan jiya na zauna a ajinsa tsawon makonni ukun da ya ware wa juyin juya halin Faransa na 1789. Yawancin ɗaliban 'yan kasuwa ne da masu gadi, kuɗin kuwa wata-wata ake biya, bai fi ƙarfin talaka ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne da farashin burodi malamin ya buɗe darasi. Ya bayyana yadda ƙanƙara ta lalata amfanin gona a Yulin 1788, sannan sanyi mai tsanani ya biyo baya, har lebura a Paris ya koma kashe mafi yawan abin da yake samu a kan burodi kaɗai. Daga nan ya shiga batun haraji, inda aka ɗauke wa malaman coci da masu sarauta mafi nauyinsa, aka jibga wa talakawa har da harajin gishiri, alhali baitulmali ya bushe saboda bashin yaƙe-yaƙe, musamman taimakon da aka yi wa Amurka a yaƙinta na neman 'yanci daga Ingila. Wani dattijo mai sayar da albasa a Mile 12 ya ce, "Malam, ashe yunwa ce ta tayar da su." Malamin ya amsa, "Baba, an sha yunwa kafin wannan shekara, amma a wannan karon ta tarar da mutanen da suka karanta cewa sarki ma ana iya tambayarsa." A ganina wannan amsar ita ce zuciyar darasin gaba ɗaya.

Ya bi al'amuran daki-daki. Sarki Luwis na 16 ya kira majalisar rukunan jama'a uku, wato malaman coci da masu sarauta da talakawa, a Versailles inda fadarsa take, a watan Mayun 1789, majalisar da rabonta da zama tun 1614, aka kuwa yi ta jayayya kan ko rukuni ne zai kaɗa ƙuri'a ɗaya ko kowane wakili da tasa, har wakilan talakawa suka ayyana kansu majalisar ƙasa, suka rantse ranar 20 ga Yuni cewa ba za su watse ba sai an rubuta kundin tsarin mulki. Da ya zo kan harin da aka kai Bastille, tsohon kurkukun sarki da ke Paris, ya nuna cewa albarushi mutane suka je nema ranar 14 ga Yuli, fursunoni bakwai kacal suka tarar a ciki. Tattakin matan Paris zuwa fadar sarki a watan Oktoba ma ya samu haƙƙinsa.

Mako na uku ne bai gamsar da ni ba. Gudun sarki da kama shi a Varennes a 1791, da kafa jamhuriya a 1792, da fille masa kai ranar 21 ga Janairun 1793, da zamanin kashe-kashe ƙarƙashin Robespierre, ɗaya daga cikin jagororin juyin, wanda shi ma aka fille masa kai a Yulin 1794, duk a dare ɗaya aka cusa su, kuma aka ɗauke wuta a tsakiyar bayanin. Tawayen bayi a Haiti, da ke ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa a lokacin, wanda ya fara a 1791, bai samu ko jimla ɗaya ba, abin da ya dame ni matuƙa a ajin da duk 'yan Afirka ne. Takardar da ake rabawa kuma da Turanci take, alhali da yawa daga cikinmu ba ma karanta shi sosai.

Na roƙi malamin ya ƙara mako na huɗu, ya kuma mayar da takardar zuwa Hausa, ya ce zai duba kafin zango mai zuwa. Na riga na biya kuɗin wata na gaba.