Bol joyin ko tayarod: wanne ke ƙara a gaban motarka?

Malam, na ga tambayarka. Ka ce Accord ɗinka ƙirar 2005 tana ƙara kwas-kwas ta gaba duk lokacin da ka faɗa rami, wani bakanike a Sabon Gari ya ce bol joyin ne, wani a Tudun Wada ya ce tayarod, ga shi kana da tafiya Kaduna ran Asabar. Kana son sanin bambancinsu da wanda za ka fara canjawa.

Ba mamaki su saɓa, don ƙirar biyun kusan ɗaya ce. Kowanne dunƙulen ƙarfe ne mai mulmulallen kai da ke juyawa cikin gurbinsa, an cika shi da giris, an rufe da roba. Aikinsu ne ya bambanta. Ka ɗauki dokin hawan Sallah: bol joyin shi ne gaɓar ƙafarsa, tayarod kuwa linzami. Bol joyin ya haɗa hannun ƙarfen nan da ake kira lowa am da ƙarfen da ke riƙe da taya, shi ke ba taya damar hawa da sauka a kan gargada, kuma a kansa take juyawa idan ka karya kwana. Tayarod ya taso ne daga rak ɗin sitiyari, abin da ya sani kawai ya tura taya ko ya jawo ta. Ba ya ɗaukar nauyin mota.

Wannan batun nauyi shi nake so ka riƙe, don motoci ba ɗaya ba ne. Golf 3 da ake haya da ita, da Corolla, da Camry, bol joyin ɗaya ne a kowane gefe, a ƙasa, kuma nauyin motar na kan shokabzoba da sifirin ɗinta. Accord ta 2003 zuwa 2007 hannu biyu gare ta, sama da ƙasa, kowanne da nasa bol joyin, kuma nauyin gaban motar ta kan na ƙasan yake bi. Ka ga ke nan naka dare da rana a cikin ɗaukar kaya yake, ko motar na ajiye a ƙofar gida.

Alamominsu ma sun sha bamban. Tayarod idan ya ci, a hannunka za ka ji: sitiyari ya yi sako-sako, ka murɗa kaɗan taya ba ta amsa ba, mota ta riƙa yawo a kan kwalta, gefen taya ya riƙa cinyewa. Bol joyin ya fi magana a rami da kan tudun rage gudu, wani lokaci da kukan ƙiii idan kana murɗa sitiyari a tsaye, alamar giris ya bushe. Ƙarar da ka kwatanta ta fi kama da ta bol joyin, amma linkej (ɗan sandan da ke haɗe da ƙarfen da ke rage tangaɗin mota) da bushin (robar da ke mahaɗar ƙarafa) ma suna irin wannan ƙara, don haka kada ka sayi komai da jin kunne.

A ɗaga motar kana tsaye a wurin. A kama taya ta hagu da dama a jijjiga. In ta yi wasa, a duba tayarod. A kama ta sama da ƙasa. In ta yi wasa, bol joyin ne ko boris, wato abin da taya ke gangarawa a kansa. A irin motarka gara a sa jak ƙarƙashin lowa am, don nauyi ya sauka daga kan gaɓar, sannan a zura ƙarfe ƙarƙashin taya a ɗaga. In ba haka ba, sai bol joyin ɗin ya ɓoye wasansa a ce maka lafiya lau. Ka leƙa robar da idonka. Muddin ta tsage, ƙurar hunturu da ruwan damina sun riga sun shiga, kwanansa ya kusa ƙarewa.

Dukkansu in suka fita akwai hatsari. Tayarod ya cire, taya ɗaya ta daina jin sitiyari. Bol joyin na ƙasa ya cire, taya ta lanƙwashe cikin bodi, gaban mota ya zauna a ƙasa. Ya taɓa faruwa da ni ina kewaya Kwangila a Zariya, Allah Ya taimake ni a hankali nake tafiya. Mako biyu kafin nan na yarda an bubbuge mini shi da guduma wai ya matse, don ina ganin kuɗin sabo ya yi yawa. Har yau idan na tuna da iyalina a motar kuma Funtuwa muka nufa, sai gabana ya faɗi.

Saboda haka, in gwaji ya nuna duka biyun sun ci kuma aljihu bai kai ba, fara da bol joyin, ka canja hagu da dama tare don shekarunsu ɗaya. Amma Kaduna ka ɗage ta har sai an yi tayarod ɗin shi ma, sannan a kai motar alaimen, wato a daidaita tsayuwar tayoyi, in ba haka ba sabuwar taya ma cinye ta za ta yi. Kafin a mayar da taya, ka tabbata an zura ɗan fil ɗin nan da ke hana noti kwancewa, ba ƙusa ko waya ba.