Rumfar dattijon da ya tayar min da injin yankan itace

Ina kula da lambun mangwaro da goba da mahaifinmu ya bar mana a gefen Kura, kusa da magudanan ruwan Kadawa. Shekara 4 ke nan da na sayi injin yankan itace na hannu, Stihl MS 381, domin sare rassan da suka bushe da rage darbejiyoyin kan iyaka. Bana iskar farkon damina ta tuge mana darbejiya guda, ta kwantar da ita a kan shinge, ta tare hanyar amalanke. Na ɗauko inji, wanda rabona da shi tun saran bara. Da kyar ya tashi, ina ba shi totur sai ya shaƙe ya mutu.

Na fara kai shi wurin wani mai gyaran janareta a garinmu. Ya canza fulogi, ya wanke kafireta, ya murɗa wasu sukurori, inji ya kama ƙara kamar sabo. Ban yi minti 10 ina yanka ba ya ɗau zafi, ƙarfi ya tafi, ya sake mutuwa. Wani mai sayen itace da ke zuwa wurinmu ne ya ce in shiga Kano, akwai wani dattijo a wata rumfa bayan kasuwar Ƙofar Ruwa wanda ba ya taɓa komai sai ƙananan injuna: na yankan itace, na ban ruwa, na feshi, na yankan ciyawa.

Rumfar langa-langa ce, ba allo ba suna. Benci ɗaya, teburin ƙarfe, yara biyu masu koyon aiki, sai tsofaffin injuna jibge a kusurwa. Bayan mun gaisa na ajiye inji a gabansa, amma bai ko kalli sukundireba ba. Tambayoyi ya fara yi min. Yaushe rabon da ya yi aiki? Da mai a tanki na ajiye shi? A gidan mai nake sayen fetur ko wurin 'yan bumburutu? Wane mai nake haɗawa da fetur ɗin, kuma da me nake awo? Na faɗa masa gaskiya: wata 9 ya yi a ɗaki da fetur a cikinsa, kuma yaron da ke taya ni aiki baƙin man babur yake tsiyayawa da ido.

Ya ce, "Malam, bari mu fara duba zuciyarsa. In ta lalace, ba zan sa ka kashe kuɗi a kan sauran ba."

Ya kwance salansa, ya haska tocila ta ƙofar hayaƙi, ya sa yaro ya ja igiya a hankali, ya kira ni in leƙa. Na ga fistin da idona, da wasu siraran zane guda biyu a jikinsa. Ya ce zafi ne ya yi su, amma ringi bai kama ba, yana motsi, don haka inji zai rayu. Da na ƙara rabin awa ina tilasta masa, in ji shi, da sai an sayi fistin da silinda. Wannan leƙen da ya sa na yi shi ya kwantar min da hankali, domin ban taɓa ganin makaniken da ya nuna min ciwon kafin ya faɗi kuɗin magani ba.

Laifi uku ya samo. Siririn tiyon da ke ɗauko mai daga tanki ya tsage, yana shan iska. 'Yar fatar da ke cikin kafireta, wadda ke bugo mai, ta bushe ta ƙandare saboda tsohon fetur. Na ukun shi ya fi ɓata masa rai. A jikin kafireta akwai sukurori uku, L da H da LA. L na ƙaramin gudu ne, H na babban gudu, LA kuma na silo, wato gudun inji in ba a taɓa totur ba. Mai gyaran farko ya ɗaure H sosai, ya rage man da ke shiga, shi ya sa inji ya yi ta ihu. To a irin wannan injin, da ake kira mai bugu biyu, man da ke sa wa fistin santsi yana tafe ne a cikin fetur. Ka rage fetur, ka rage shi. Ƙarar da na yi murna da ita ashe kukan yunwa ce.

Yadda ya saita shi abin kallo ne. Ya wanke matatar iska tukuna, wadda ƙurar hunturu ta toshe, ya ce saiti a kan matata mai datti aikin banza ne. Ya bar inji ya ɗumama, ya gyara L har totur ya riƙa amsawa ba gardama, ya sassauta LA har sarƙar da ke yankan ta tsaya cak a silo. Sai ya koma kan H yana kasa kunne. Ya ce in saurara: in ba a cikin itace yake ba, ya kamata a ji 'yar gargada a muryarsa, da ya shiga itace kuma ta washe. Akwai gungumen maina a bakin rumfar don gwaji kawai. Ya yanka, na ji abin da yake nufi.

Bai tsaya nan ba, ko da yake ban ce a duba sarƙa ba. Ya debi abin da ya zubo daga yankan ya zuba min a tafin hannu, gari ne lis. Sarƙa mai kaifi, ya ce, ɓarɓashi take fitarwa. Ya ɗauko magagari mai kauri milimita 5.2, ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya a karkace, bugu uku-uku, ya juya ƙarfen da sarƙar ke zagayawa a kai domin kada gefe ɗaya ya cinye. Ya kuma zubar da ƙonannen baƙin man da muke zuba wa sarƙa, ya wanke famfonsa, ya kara bakin inji kusa da farin kwali har muka ga layin mai ya fito.

Awon mai kuwa a murfin wata roba ya yi min alama: mililita 100 na man injin mai bugu biyu a lita 5 ta fetur, wato 50 da 1, in man mai kyau ne. Ya ce in zan ajiye inji fiye da wata guda, in juye tanki, in bar shi ya ci sauran har ya mutu da kansa.

Akwai abin da bai yi min daɗi ba. Ya ce in dawo jibi, na yi asarar kuɗin mota daga Kura na tarar fatar kafireta ba ta iso ba, kuma ba wanda ya kira ni. Sai a kwana na 5 na karɓi inji. Wayarsa tana yawan zama a aljihun rigar da ya rataye. Wanda ke da gaggawa ya karɓi lambar ɗaya daga cikin yaran. Rumfar kuma ba ta da wurin fakewa in ruwa ya sauko.

Wajen kaya ya ba ni zaɓi, na kamfani ko na China, ya faɗi farashin kowanne. Na ɗauki fatar kamfani da tiyon China bisa shawararsa. Tsofaffin ya ƙulla min a leda. Kuɗin hannunsa bai kai na fetur lita 10 ba, kuma duk wanda ke sayen mai tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ya san nauyin wannan lissafin. Na ce, "Baba, ba ka rage komai?" Ya ce ya riga ya rage, wasa sarƙar kyauta ce.

Darbejiyar ta ɗauke mu yini biyu, tanki bayan tanki, inji bai tsaya ko sau ɗaya ba, kuma yanzu a ja na biyu ko na uku yake tashi. Injin ban ruwanmu mai inci 3 ya fara fitar da shuɗin hayaƙi tun ƙarshen noman rani. Na riga na gaya wa Baba zan kawo shi da zarar an gama girbin shinkafa, kafin a fara dashen tumatir.