Tsohuwar motar lantarki ta Amurka: wacce za ka saya a gwanjo?

Duk mai neman motar lantarki ta farkon ƙarni na 20 don ajiya ko fita baje koli, ya fara duba Detroit Electric. Kamfanin Anderson ne ya fara ƙera ta a 1907, aka ci gaba har 1939, an yi kusan 13,000, shi ya sa kayan gyaranta suka fi samuwa. Tallarta ta ce caji ɗaya na kai mil 80, gudunta kuma wajen mil 20 a awa. Galibi ba ta da sitiyari mai zagaye, sanda ake tuƙa ta da ita, wata sandar kuma ta sauya gudu zuwa mataki biyar. Masu volt 84 suna ɗaukar batir 14 na volt 6, irin na keken filin golf, rabi a gaba rabi a baya. Matar Henry Ford, mai kamfanin motocin Ford, ma ita ta riƙa hawa, kuma wannan ya isa shaida.

Cikin sauran motocin lantarki na lokacin, Baker ta birnin Cleveland kyakkyawa ce, amma sunanta ya sa mata tsada. Milburn ta birnin Toledo, 1915 zuwa 1923, ta fi araha da rashin nauyi, sai dai wahalar kayan gyara.

Inda ake cutar mai saye shi ne shekarar ƙira. Bayan 1929 kamfanin Detroit Electric da kansa ya riƙa sayo tsofaffin motocinsa yana gyarawa yana sayarwa, don haka jiki da takarda kan saɓa. Gwada lambar firam da ta injin lantarkin, kada ka tsaya ga ƙaramin allon da aka ɗaure da ƙusa, ana sauya shi. Buɗe ma'ajiyar batir: ruwan batir yana cin katako da ƙarfe, mai sayarwa kuma yakan shafe ɓarnar da baƙin fenti. Soka tsinke ka ji. Jikin motar katako ne aka lulluɓe da alminiyam, idan ƙofa ta sauka ba ta rufuwa daidai, katakon ya ruɓe daga ciki. Cire murfin na'urar sauya gudu ka duba jan ƙarfen. Idan ya ƙone, motar za ta riƙa fizga. Wasu ma sun cire na'urar sun sa ta zamani, suna neman kuɗin ta asali.

Lanƙwasasshen gilashin kusurwa idan ya tsage, sai an ba da aikin yin sabo, ka rage kuɗinsa kafin ku daidaita. Burki kuma galibi a tayoyin baya kawai yake, gwada shi a gangara.